Yadda Na Nemi a Dawo da Ni Makarantar Kusa da Gida

Malamin firamare na gwamnati ba shi yake zaɓar inda zai koyar ba. Ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ne yake tura shi inda ake da giɓi, in kuwa bai motsa ba, sai ya tsufa a can. Ni wata makaranta aka tura ni a bakin gari, can gaba da Farin Gada, wadda sai an sauka a titi an taka da ƙafa kafin a kai, ga shi kuwa a Unguwar Rogo, cikin garin Jos, nake aure. Lokacin 'yata ɗaya, murnar samun aiki ma ba ta bar ni na ga nisan ba. Sai da yara suka zama huɗu, surukata ta gamu da shanyewar ɓarin jiki ta dawo hannunmu, sannan na san hanyar nan tana da tsawo.

Keke biyu nake shiga. Na farko daga bakin titin Bauchi zuwa Farin Gada, in sauka in ratsa hayaniyar kasuwar kayan gwari, inda motocin tumatir da kabeji kan toshe hanya tun da sassafe, sannan in jira na biyu ya cika. A makaranta kuwa akwai littafin sa hannu a kan teburin hedimasta. Takwas saura kwata yake ɗaukar jan biro ya ja layi, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara, ko da minti ɗaya ne. In abin ya yi maka yawa a wata, takardar tuhuma ce za ta biyo baya. Don in riga jan biron nan, tun kafin kiran assalatu nake tashi.

Tsakanin tashina da fitata akwai hura gawayi da dafa ruwa, tukunya bayan tukunya, don a sanyin Jos na Disamba da Janairu babu mai imanin da zai watsa wa yaro ruwan rijiya. Inna, haka muke kiran surukata, sai an ɗaga ta an kai ta bayi, an yi mata alwala da ruwan ɗumi, an canza shimfiɗa, an ba ta kunu kafin ta sha maganin hawan jini. Ba ta yarda ɗanta ya yi mata wannan hidimar, kunya take ji, kuma ban ga laifinta ba. Sai karin kumallo, sai abincin rana da zan dafa in zuba a kula tunda ba zan dawo ba sai wajen uku. In na dawo kuma sai shirin Islamiyya, sai tuwon dare. Bayan isha, lokacin da gida ya yi tsit, sai in buɗe jakar makaranta.

Mutane suna cewa aikin koyarwa shi ne aikin mace, wai ana tashi da wuri, ga hutu sau uku a shekara. Masu faɗar haka ba su taɓa ganin jakar malama ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ajina ya haura saba'in, kuma ni kaɗai ce a kansu, daga lissafi har zuwa Turanci da kimiyya. Littattafan aikin gida, shirin darasin da za a miƙa wa hedimasta ya duba kowace Litinin, rajista, dayari (littafin da ake rubuta abin da aka koyar), duk a gida ake yin su, don a makaranta ba ka da minti goma naka na kanka. Makon haɗa sakamako a ƙarshen zango shi ne mafi muni. A wannan makon yarana sun san taliya da manja za su ci, kuma ba a yi mini magana sau biyu.

Da na haifi autana, hutun haihuwa ya ƙare tun bai fara zama ba. A asibiti ana ta jaddada mana nono zalla har wata shida. Legas ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, gwamnatin tarayya ma ta ba mazan da ke mata aiki kwana 14 a 2021 in matansu sun haihu. Dokar ƙwadago kuwa mako 12 ta sani, sai rabin awa sau biyu a rana da ta ba mai shayarwa. To me rabin awa zai yi wa wadda gidanta ke da tafiyar awa guda? Goya shi nake yi mu tafi, da wata 'yar ƙanwar maigidana mai raino, su zauna a baranda bayan aji. In ya yi kuka in ba yara aikin kwafa daga allo in fita. Ranar da aka ce masu duba makarantu suna hanya, sai yarinyar ta ɗauke shi su shiga gidan wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da makarantar. Duk malaman sun sani, hedimasta ma ya sani, kowa ya kau da kai.

Na jure wannan duka. Ko da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin keke ya ninka ya fara cin wani babban yanki na albashin, ban yi tunanin rubuta takarda ba. Abin da ya sa na rubuta shi ne hannun babbar 'yata. Wani dare tana aikin gida kusa da ni, na ga tana riƙe da fensir da wani irin riƙo, da yatsa biyu kawai. Na kamo hannun na haska da fitilar waya. Bayan yatsun duk ya tsage saboda wanke-wanke da ruwan sanyi, har wani wurin yana tsattsafar jini. Shekararta goma sha ɗaya. Duk abin da na bari in na fita da safe ita take ƙarasawa: ta wanke kwanuka, ta shirya ƙannenta, ta fitar da fo ɗin Inna, sannan ta ruga makaranta a makare. Ni kuwa a can ina tsaye a bakin ƙofa ina tsare 'yan makara, kuma na fi kowa sanin cewa yawancinsu 'yan mata ne, na kuma san abin da ya tsare su a gida. Ana ta yabona a unguwa wai Malama akwai ƙoƙari, ga aiki ga jinyar suruka, alhali rabin ƙoƙarin na yarinyar nan ne.

Da na yi wa maigidana maganar, amsar da na zata ita ya ba ni. Ya ce, "To Malama, ki ajiye aikin nan mana ki huta. Me ake samu a ciki?" Na ce, "Malam, zauna mu yi lissafi." Rumfarsa a Katako take, kasuwa kuwa yau ta ba ka gobe ta hana. Maganin Inna na kowane wata, kuɗin gashin ƙashi, kuɗin Islamiyya, daga albashin nan da yake rainawa suke fita. Ya yi shiru, can ya ce to a nemi canji. Ba mugun mutum ba ne. Ya karɓi kai ƙananan makaranta da safe, ya kuma riƙe hakan har yau. Amma ya tsuguna a tsakar gida yana wanke tukunya maƙwabta suna leƙe, wannan kam ban ma kawo masa maganar ba.

Takardar kanta gajeriya ce. Ana rubuta ta zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, amma ta hannun hedimasta, don in babu sa hannunsa da hatiminsa ba mai karɓarta. Na haɗa da kwafin takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da shaidar karatun malanta ta NCE, da ta rajista da hukumar yi wa malamai rajista, wato TRCN, da takardar likita a kan ciwon Inna. Hedimasta ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Malama, ban ƙi ta taki ba. Amma in na sake ki, wa zai riƙe mini aji huɗu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai za su turo wani." Ya yi dariya ya ce tun yaushe rabon da a turo masa kowa. Ya dai sa hannu, ya rubuta a ƙasa cewa ya amince bisa sharaɗin a kawo madadi. Wannan ɗan layin shi ya riƙe ni wata da watanni.

Ofis yana buɗewa ne a daidai lokacin da makaranta take buɗe. Don haka duk ranar da za ka bi fayil ɗinka sai ka bar aji, sai ka nemi izini, sai wata malama ta haɗa yaranka da nata su zama ɗari da wani abu a ɗaki ɗaya. Kana neman sauƙi kana tara bashin alheri a wuyanka. Na biya wannan bashin da riƙe wa mutane aji ranar da su ma tasu ta taso.

A ofishin ne wata dattijuwar ma'aikaciya ta zaunar da ni ta faɗa mini gaskiya. Ta jawo wani tulin fayil ta ɗora hannu a kai ta ce, "'Yata, duk waɗannan mata ne, kuma kowacce tana da yara, kowacce tana da mara lafiya a gida. Kowacce cikin gari take so. In muka biye muku, makarantun bakin gari sai dai a rufe." Ta ce dalilin da ya fi saurin karɓuwa shi ne ciwon da ke jikin malamin kansa, ko a ɗauke mijin mace zuwa wani wuri. Hidimar gida ba ta cikin lissafi, don babu wadda ba ta da ita. Sannan yawancin canje-canje a dogon hutu ake yin su, kafin sabuwar shekarar karatu ta Satumba, ba a cika taɓa malami a tsakiyar zango ba.

Na fito raina a ɓace, amma ban iya ƙaryata ta ba. Na san makarantu a cikin gari da malamai suke zaune a inuwa su uku a kan aji ɗaya, na kuma san tawa, inda in mutum ɗaya ya kwanta ciwo aji guda zai wuni yana wasan ƙasa. Yaran can ma 'ya'yan mutane ne. Tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, yara suke ƙaruwa, ɗaukar malamai kuwa ba ya tafiya daidai da su. Kafin in fita dai dattijuwar ta ƙara da magana ɗaya, wadda ita ce ta yi mini rana. Ta ce, "In kina son abin ya yi sauri, nemo wadda za ku yi musaya. In kun zo ku biyu, ba wanda ya yi asara."

Neman abokiyar musaya ya fi rubuta takarda wuya. Sai kun kasance a ƙaramar hukuma ɗaya, don albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, tsallaka iyaka kuwa wata doguwar magana ce daban. Sai kuma ta kasance mai iya riƙe ajin da za ka bari. Na baza magana a zauren WhatsApp na malamai, na faɗa wa duk wanda na sani. Waɗanda suka kira duk irina ne, masu son shigowa gari. Mai son fita babu.

A layin tantance ma'aikata na same ta. Muna tsaye da fayil a hannu rana tana dukanmu, hira ta haɗa mu. Kirista ce, gidanta yana can ɓangaren makarantata, ita kuma an turo ta wata makaranta da ke cikin unguwanninmu, wadda daga ƙofar gidana ana jin ƙararrawarta. Hanyar da nake bi da safe ita take bi, sai dai ni ina fita ita tana shigowa. Wataƙila mun sha giftawa a Farin Gada ba mu sani ba. Tana da tagwaye ƙanana, mijinta direba ne ba ya kwana gida kullum. Ta kuma faɗa mini abin da ni ma na sani a jikina: duk ranar da aka ce gari ba lafiya, ko jita-jita ce kawai, hankalinta ba ya kwanciya sai ta ga ta tsallaka ta koma ɓangarensu, waya kuma ba ta daina ƙara daga gida.

Duk ɗan Jos ya san wannan. Tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, mutane suka yi ta ƙaura, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, har unguwanni suka rabu. Ni a makarantata ba wanda ya taɓa yi mini ko kallon banza. Iyayen yara har dankali da acca suke aiko mini in an yi girbi. Ita ma ta ce mutanen unguwarmu sun riƙe ta da mutunci, tsofaffi suna ce mata Malama kamar kowa. Amma tsoron hanya daban ne da zaman wurin. Kuma wani abu ya tsaya mini a rai game da musayar tamu har yanzu. Yaran unguwarmu da yawa ba su da wani Kirista da suka sani ido da ido sai malamarsu, yaran can ma ni ce Bahaushiyar da suka saba da ita. Mun sama wa kanmu sauƙi, amma mun ƙara wa rabuwar garin ƙarfi da ɗan abin da ya samu. Na san da haka na sa hannu, kuma da za a sake ba ni zaɓi, hannun 'yata zan duba.

Daga nan abin bai yi wuya ba. Kowacce ta sake rubuta takarda ta ambaci sunan 'yar'uwarta da makarantarta, hedimastocin biyu suka sa hannu. Nawa ya fara tambayar ko ta iya lissafi, da na ce ta fi ni, ya ce to Allah ya sa alheri. Muka je ofis tare, aka shigar da mu wurin Sakataren Ilimi. Ya tambaye mu ko wani ya tilasta wata, ko akwai kuɗi a tsakani, muka ce babu. Ya ce mu jira dogon hutu. Ana saura kaɗan a koma makaranta takardun suka fito.

Sai miƙa aiki. Rajista, dayari, littattafan gwamnati da aka ba ajin, har benci sai da aka ƙirga aka rubuta, hedimasta ya ba ni takardar sallama. Na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba, na cika mata shafi biyu a kan yaran: wanda ba ya ji sosai sai an zaunar da shi gaba, wadda ke da farfaɗiya da abin da ake yi in ta faɗi, waɗanda ke ɓacewa ranar kasuwa, da ukun da ba su iya karatu ba tukuna amma suna kunyar a sani. Ita ma ta yi mini irin haka. A sabuwar makaranta na rubuta takardar kama aiki, aka tura kwafi ofis don sunana ya koma can a takardar albashi. Wanda zai bi wannan hanyar ya riƙe kwafin kowace takarda a gida, don ranar tantancewa ko ƙarin girma sai an tambaye su.

Yanzu da ƙafa nake zuwa aiki. Kuɗin keke ya dawo cikin cefane. Ina gama hidimar Inna da wanke-wanke kafin in fita, ni da 'yata muke barin gida tare, ta daina makara. Wannan shi na nema, na kuma samu.

Abin da ban hango ba shi ne kusa da gida ma tana da nata. Da ina can nesa, in na fita na fita, ba mai nemana sai na dawo. Yanzu ina tsakiyar darasi sai in ga yaro a taga yana cewa, "Malama, Inna ta ce ki zo." In na ruga a guje sai in tarar rediyonta ne ya faɗi bayan gado. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, da can ana yi mini uzuri, yanzu cewa ake ai ga makarantar ga gidan, ko minti biyar ba za ta leƙo ba? Yaran ajina kuma 'ya'yan maƙwabta ne. In na tsawata wa yaro da safe, da magariba uwarsa tana tsakar gidana da mayafi a kafaɗa. Makon sakamako har da masu zuwa roƙon a ɗan duba wa nasu. Ajin ma ya fi wancan cika.

Dole ta sa na kafa doka. Wayata a kashe take sai an fita tara, in ba numfashi ko faɗuwa ba kada a aiko kowa, kuma maganar makaranta a makaranta ake yin ta, ba a ɗakina ba. Inna ta yi fushi na 'yan kwanaki, ta ce boko ya sa na fara yi mata iyaka. Maigidana ne ya lallashe ta. Shi ne kuma, da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya tara ƙannensa ya ce uwar nan ba shi kaɗai ta haifa ba. An yi ta ja-in-ja kafin a daidaita. Yanzu ƙanwarsa da ke Rikkos tana zuwa ta wuni da ita Talata da Alhamis, ƙaninsa ne ke kai ta asibiti ranar ganin likita, matarsa kuma ta karɓi wankin Asabar.